Kalmomin wuta na Turanci a bakin maƙera

Jiya muna wanke hannu za mu tafi sallar Magariba ka yi mini tambaya, ban samu na amsa maka yadda ya kamata ba. Ka ce kana kallon maƙeran Turai a waya, kana ji suna cewa "quench", "temper", "anneal", da ka duba fassara sai ta haɗa maka su duka a kan zafi da ƙonawa. Ka kuma ce ka ga "inflammable" a jikin galan ɗin tina, ko ma'anarsa ba ta kama wuta. To zauna, ɗana, yau aiki ya yi sauƙi.

Da ta ƙarshen zan fara, domin ita ce mai iya kashe mutum. "Flammable" da "inflammable" abu ɗaya suke nufi: abin da ke kama wuta nan take. Na san abin da ya ruɗe ka. A makaranta an koya muku "correct" daidai ne, "incorrect" ba daidai ba, sai ka ɗauka duk inda "in" ta shiga gaban kalma korewa take yi. A nan ba haka ba ne. Kalmar daga Latin ta fito, daga aikatau mai nufin cinna wa abu wuta. Turawan kansu sun ga tana ruɗa mutanensu, shi ya sa yanzu suka fi rubuta "flammable" a jikin kaya. Wanda ba ya kamawa shi ake rubuta wa "non-flammable". Kayan da ke shigo mana ta Maraɗi da rubutun Faransanci, su ma "inflammable" za ka gani, ma'anar ba ta sauya ba. In rubutu ya shige maka duhu, nemi hoton harshen wuta a cikin jan zane mai kusurwa huɗu. Ka gan shi, ka nisanta galan ɗin daga inda tartsatsi ke sauka.

Akwai wata da ke tafiya tare da ita, "flash point". Shi ne gwargwadon zafin da mai zai kai ya fara fitar da tururin da tartsatsi ɗaya zai tayar. Na fetur yana can ƙasa da sifiri, wajen digiri 40 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, wato ko a tsakiyar hunturu fetur a shirye yake. Na gas ɗin manyan motoci sai ya haura digiri 50. Abin da nake so ya zauna maka shi ne ba ruwan man ke tashi ba, tururinsa ne. Saboda haka durom ɗin da aka juye ya fi cikakke haɗari, cikinsa tururi ne gauraye da iska. Ina yaro kamarka, a wata rumfa kusa da tamu, wani ya sa wutar yanka a kan durom da aka ce masa babu komai a ciki. Murfin ya tashi ya fasa kwanon rufi, mutumin ya rayu amma bai ƙara ji da kunne ɗaya ba. Tun daga ranar ban taɓa sa wa tanki ko durom wuta ba sai an wanke shi, an buɗe bakinsa, an cika shi da ruwa har kusa da wurin aikin. Kai ma ba za ka yi ba muddin kana rumfar nan.

Yanzu ga ukun da ka fara kawowa. Mu abin da muke ce wa ban ruwa, su sun raba shi mataki-mataki, kowane da sunansa, kuma a ganina rabon yana da amfani, don yana hana mutum tsallake mataki.

"Quench" shi ne tsoma jan ƙarfen da ya fito daga wuta cikin ruwa ko mai don ya huce farat ɗaya. Abin sha'awa, da wannan kalmar suke cewa mutum ya kashe ƙishirwa, ka ga tunaninsu da namu ya zo ɗaya, ƙarfe ake shayarwa. Ita ce kuma kake ji a bakin makanikai 'yan Kudu in injin ya mutu. Amma ba kowane ƙarfe ke karɓar ruwa ba. Rodin gini ko falankin da muke yin ƙofa da shi, ko ka tsoma shi sau goma ba zai yi taurin kirki ba, saboda sinadarin gawayin da ke jikinsa, wanda suke kira "carbon", kaɗan ne. Sifirin ɗin mota da tsohon magagari su ke da shi da yawa, shi ya sa muke bin 'yan gwangwan muna neman su in za mu yi wuƙa ko gatari. Kuma akwai zafin da dole ƙarfen ya kai kafin a tsoma. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770. Ka kai masa maganaɗisu ka ji bai ja ba, ka ƙara masa wuta kaɗan, ya ɗan haura 800, sannan ka tsoma. Iyayenmu ba su da ma'auni, da ido suke ganewa, shi ya sa maƙera ta gargajiya ba ta son hasken rana ya shigo mata sosai: a inuwa launin ƙarfe ke faɗin gaskiya. Sifirin kuwa a mai ake tsoma shi. Ruwa ya yi masa kaifi, za ka ji ƙas, ka ciro shi da tsaga.

In ka ciro shi daga man, gwada goga masa magagari. Zai zame kamar a kan gilashi. A nan yara da yawa ke murna su ce aiki ya ƙare, alhali ƙarfen a wannan hali kamar kwalba yake, ka sake shi a ƙasa sai ya karye. Na taɓa ganin kurfin da aka bari haka, guduma ɗaya aka ba shi, ɓarin ya shige hannun mai riƙewa. Maganin wannan shi ne "temper". Ka goge ƙarfen ya yi fari, ka mayar masa da zafi a hankali, ba a tsakiyar wuta ba, daga gefe ko daga bayansa, ka zuba ido. Launi zai fara tafiya a jikinsa. Na farko kamar busasshen karan dawa, wannan wajen digiri 220 zuwa 230 ke nan, shi ake so a bakin wuƙa da aska. Daga nan ya koma ruwan ƙasa, ya koma shunayya wajen 280, inda ya dace da kurfi da gatari, abubuwan da ke shan duka. Sai shuɗi wajen 300, na abin da ake so ya lanƙwashe ya dawo. Launin da kake nema yana isa baki, ka sanyaya shi. Kana rage masa tauri kaɗan ne don ka saya masa juriya. Wannan ita ce zuciyar sana'ar, kuma ba ta koyuwa da gaggawa. Ni na yi shekaru kafin idona ya daina yaudarata tsakanin ruwan kara da ruwan ƙasa.

Kada ka ruɗe in ka ga ƙamus ya ce "temper" fushi ne ko hali. Haka ne a zancen yau da kullum. A bakin maƙeri, in ya ce wuƙa ta rasa "temper" ɗinta, yana nufin zafi ya ɓata ban ruwanta. Shi ne abin da ya faru da addar nan da ka danna a injin wasa makon jiya har bakinta ya yi shuɗi. Wurin da ya yi shuɗin nan ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba sai an cinye shi ko an sake ba ta ruwa. Shi ya sa nake ce maka ka ajiye gwangwanin ruwa kusa da dutsen, ka riƙa tsomawa.

"Anneal" akasin na farko ne. Ka kai ƙarfe ja, ka binne shi a toka ko busasshen yashi, ka tafi gida. Da safe za ka same shi ya yi laushi, magagari na cinsa, ana iya huda shi. Sirrin yana cikin jinkirin hucewa. Tagulla kuwa halinta daban: duka ne ke taurara ta, in ka kai ta ja ta yi laushi, ko da a ruwa ka tsoma ta.

Akwai biyu da harafi ɗaya ya raba, "melt" da "smelt". Ta farko narkewa ce kawai, ƙarfe ya zama ruwa, kamar yadda masu zubin tukwane ke narka alminiyum, wanda ke narkewa a digiri 660. Dalma tun a 327 take zubewa, tagulla tsantsa sai 1085, baƙin ƙarfe tsantsa kuwa sai 1538. Shi zubin a cikin ƙira suna ce masa "cast". Ta biyu, "smelt", ita ce fitar da ƙarfe daga dutsen tama, aikin da kakanninmu suka yi kafin ƙarfen mota da na jirgin ƙasa ya cika kasuwa. An gano alamun wannan aiki a Dutsen Dala, kuma tarihin baka na cewa maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama suna cikin waɗanda suka fara zama a wurin. A Taruga, kusa da Abuja, an tono murahun narkar da tama da suka haura shekara 2000. Murhun nasu bai kai ya mayar da ƙarfen ruwa ba. Dunƙule yake fitowa haɗe da datti, sai an yi ta dukansa da zafinsa. Wannan dattin, kashin maƙera, shi ne "slag", kuma da sunan suke kiran ɓawon da kake ƙwanƙwasewa bayan ka ja walda. Abin da muke yi kullum a kan uwar maƙera, a zafafa a daka, shi ne "forge". Kalmar tana nufin aikin, tana kuma nufin maƙerar.

Ita "burn" ɗin kanta, a wurinmu tana da ma'anar da ta fi ƙuna. In ka yi ta zuga har ƙarfe ya wuce rawaya ya yi fari ya fara feshin tartsatsi, ya ƙone, kuma ƙonannen ƙarfe ba ya gyaruwa, sai a yanke wurin a yar. Gawayin ƙirya da zugazugi mai kyau suna iya kai shi can cikin ɗan lokaci in hankalinka ya tafi hira. A walda kuma za ka ji "burn-through", wato wuta ta huda falanki saboda ta yi masa yawa ko ka daɗe a wuri ɗaya. "Preheat" shi ne ɗumama ƙarfe kafin walda, kamar yadda muke yi wa ƙarfen zubi don kada ya tsage.

Sauran ƙananan ba su da wuya, duk muna da su. "Singe" babbaka ce, irin ta kan rago ranar Sallah, ko gashin hannunka in ka matsa kusa da wuta. "Scorch" shi ne zafi ya taɓa saman abu ya sauya masa launi bai cinye shi ba, kamar dutsen guga a kan riga. In ya yi baƙi ya koma gawayi, "char" ke nan, ka ga kalmar a farkon "charcoal". "Ember" garwashi ne, "spark" tartsatsi, "ignite" kamawar wuta. "Scald" ƙunar ruwan zafi ce ko tururi, irin ta wanda ya buɗe lagireto mota na tafasa. Ko wacce irin ƙuna ce, ruwa mai sanyi za ka yi ta zuba wa wurin har minti 20. Ban yarda da man ja ko man goge baki ko ƙwai ba, suna riƙe zafin ne su jawo ruɓa. In ta yi faɗi ko ta yi zurfi, asibiti.

Biyu nake so ka riƙe da kyau a cikinsu. "Smoulder" ita ce wutar da ke ci ta ciki babu harshe, irin cin da take yi wa ƙaiƙayi ko busasshen kashin shanu. Tartsatsi ya faɗa cikin tsumma ko katifar mota, ba ka ga komai ba, ka kulle rumfa, tsakar dare ta tashi. Dalilin da ya sa nake zagaya rumfar nan ina shinshina ƙauri kafin in sa kwaɗo ke nan. Sai "fumes", wanda ba hayaƙin itace ba ne, tururin guba ne. In kana walda a kan bututun ruwa mai farin shafe, wannan farin hayaƙin shafen ne ke ƙonewa, ka shaƙe shi da dare za ka kwana da zazzaɓi da ɗacin baki. A fili ake yin wannan aikin, iska na kaɗa shi nesa da fuskarka, bayan ka goge shafen daga wurin haɗin.

Wani abu game da bidiyon da kake kallo. Duk alƙaluman da na ba ka a ma'aunin Salshiyas suke, wanda ruwa ke tafasa a 100. Maƙeran Amurka kuwa da wani ma'aunin daban, Faranhait, suke magana. In ka ji ɗayansu ya ce ya kai ƙarfe 1500 kafin ya tsoma, cire 32, ka ninka sau 5, ka raba 9, zai ba ka wajen 815, daidai da abin da na gaya maka. In ya ce ya yi "temper" a 400, digiri 204 yake nufi a namu. Wanda ya ɗauki 400 ɗin nan a Salshiyas ya riga ya kashe wuƙarsa.

Gobe ka zo da wuri, kafin rana ta shigo rumfa. Ka yanko guntun sifirin guda uku daga wanda ke bayan ƙofa, ka ciro maganaɗisun tsohuwar lasifikar nan. Ɗaya za mu tsoma mu bar shi haka, ɗaya mu tsoma mu mayar masa da zafi har ruwan kara, na ukun mu binne a toka. Jibi kai da kanka za ka sa musu magagari da guduma, ka faɗa mini sunan kowanne da Turanci da Hausa.