Tambayi Bakanike: Fitilar Da Ta Ƙi Mutuwa

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da Toyota Camry ƙirar 2003, wadda aka shigo da ita daga Amurka bayan ta sha hanya a can. Mako uku ke nan fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai hoton injin, ta kama a gaban sitiyari ta ƙi mutuwa. Motar tana tafiya, sai dai in na tsaya tana ɗan rawa a silo, kuma shan manta ya ƙaru. Bakanike na farko ya cire kan batir na ɗan lokaci, fitilar ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo. Na biyu ya sa mata kwamfuta, ta nuna lambobin laifi P0171 da P0420, ya ce in sayo sabuwar sensar salansa da sabon katalis, wato abin nan da ke tace hayaƙi a jikin salansa. Kafin in kashe kuɗin nan nake neman shawararka. Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi dabara da ka tsaya tukuna. Kada ka sayi ko ɗaya daga cikin biyun nan a yanzu.

Bari in fara da bakanikenka na farko, don abin da ya yi shi ya fi ba ni haushi a sana'ar nan. Cire kan batir ba gyara ba ne, toshe bakin mai ƙorafi ne. Ƙwaƙwalwar motar ta rubuta laifin da ta gani, ta kuma adana yanayin da injin yake ciki a daidai lokacin: zafinsa, saurin juyawarsa, gudun motar, da yawan man da take ba shi. Da aka yanke mata wuta, duk wannan ya goge. Kwana biyun nan da ka yi cikin farin ciki, lokacin da ta ɗauka ne ta sake gwaje-gwajenta, ta sake cin karo da laifin, ta sake kunna fitilar.

Na biyun ya kama hanya, amma ya sauka tun ba a isa ba. Tun daga ƙirar 1996, duk ƙaramar motar da aka sayar a Amurka dole ta zo da tsarin nan da ake kira OBD-II, mai soket ɗin ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta bi sahu a 2001 a kan motocin fetur. Wannan ya sa ƙaramar na'ura ma ta isa ta karanto maka lambar. Amma lamba ba ta cewa "canza kaza". Tana faɗa maka ne wajen da aka ji kukan, ba wanda ya yi dukan ba.

Ɗauki P0171. Ma'anarta iska ta yi wa fetur yawa a cikin abin da injin yake ƙonawa. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a nauyi. Sensar da ke bakin salansa ita ke shinshina hayaƙi ta kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Ta ce iska ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai, ta sake ƙarawa, har ta kai iyakar abin da aka yarje mata, sai ta kunna fitila. To ka ga sensar nan aikinta ta yi. Mai kawo labarin gobara ake shirin kora, wutar kuwa tana nan tana ci.

Ga abin da zan yi da motar a gabana take. Zan buɗe bonet in kama baƙin tiyon roban nan mai kwarmi-kwarmi da ya taso daga gidan matatar iska zuwa injin, in lanƙwasa shi da hannu in leƙa cikin kwarmin, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kai wa. Robar da ta shekara ashirin tana shan zafi tsagewa take yi, kuma iskar da ta shiga ta tsagar ba ta bi ta kan sensar da ke auna iska ba, don haka ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba. Sai ƙananan tiyo-tiyon da ke manne a jikin injin, a bi su ɗaya bayan ɗaya, injin yana silo, a kasa kunne ko za a ji shuu. Bayan nan sai ita kanta sensar iskar, wadda ke bayan matata. A cikinta akwai wata siririyar waya da ƙura ke lulluɓewa, sai ta riƙa ƙirga iskar ƙasa da yadda take. Sukurori biyu ne ke riƙe da ita. A fesa mata maganin da aka yi domin ita, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a taɓa wayar da tsinke ko tsumma, kada a hura mata iskar kwamfuresa.

Akwai gwajin da ba ya cin minti biyar, kuma na'urar da ke hannun bakanikenka za ta iya yin sa in dai tana nuna karatun injin yana aiki. Ka ce ya nuna maka yawan man da ƙwaƙwalwa take ƙarawa. A lafiyayyen injin bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. In a silo ya yi sama sosai, sannan da aka taka totur zuwa juyi 2,500 a minti ya sauko, iska ce ke satar hanya. In kuwa sai an taka yake ƙara hawa, a koma kan famfon fetur, da matatarsa, da sensar iskar. Rawar da ka ce motarka tana yi a silo ta sa zuciyata ta fi karkata ga na farkon.

Ni ma na taɓa cin wannan kunyar. Ina sabon fita daga hannun maigidana, na sa wani bawan Allah ya sayi sensa sabuwa fil a kan wannan lambar. Kwana uku sai ga shi ya dawo da fitilarsa a kunne. Da na zare tiyon, tsagar da ke ƙasansa yatsana na shiga. Kuɗin sensar daga aljihuna ya fita, kuma tun ranar hannuna ke riga kwamfuta zuwa wajen tiyo.

Ita P0420 cewa take yi katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Ƙwaƙwalwa tana gane haka ne ta hanyar duba sensa ta biyu da ke bayan katalis: in yana aiki, karatunta a natse yake, in ya gaji, sai ta riƙa hawa da sauka. A motar 2003 ba abin mamaki ba ne a ce ya gaji da gaske. Amma hudar salansa kusa da sensar tana iya kawo wannan lambar, haka ma injin da haɗin mansa ya daɗe a karkace. Wani lokacin ma in an kwance sai a tarar gwangwanin fanko ne, an kwashe cikinsa tun kafin motar ta zo hannunka, saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki irin su filatinam. Ka gyara P0171 tukuna, a goge lambobin da na'ura, ka yi mako guda kana hawa. In P0420 ta dawo ita kaɗai, sai mu yi maganar katalis.

Kafin nan kana iya hawan motar, tunda fitilar a tsaye take. Ranar da ka ga tana ƙyaftawa, to injin yana misin mai tsanani, ɗanyen fetur yana gangarawa salansa yana gasa katalis. Ka sassauta ƙafa ka nemi wajen tsayawa, a duba fulogi da koyil.

Tambaya: Malam, tawa jar fitila ce mai kama da 'yar buta. Ba ta kamawa da safe, sai na yi tafiya injin ya ɗau zafi, in na tsaya sai ta riƙa walƙiya, in na taka totur ta ɓace. Na zaro geji na ga baƙin mai a cike. Ƙanena ya ce tunda mai bai ragu ba in manta da ita. Daga wata uwar yara.

Amsa: Hajiya, ki yi haƙuri da ƙanen naki, amma kada ki bi tasa. Wannan fitilar ba ruwanta da yawan mai, ƙarfin tura shi take aunawa. Geji zai iya nuna miki a cike alhali man ba ya isa inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Yadda kika kwatanta ta kuwa shi ne ainihin yadda matsalar take zuwa: mai in ya yi zafi tsinkewa yake yi, a silo kuma famfonsa a hankali yake juyawa, sai ƙarfin ya faɗi.

Da sauran fata. Sau da yawa ɗan makunnin da ke kunna fitilar ne ya tsufa, kuma shi ƙaramin abu ne. Amma ba a ganewa da ido. A kwance shi a ɗaura agogon auna ƙarfin mai a gurbinsa, a bar injin ya yi zafi sosai, a karanta. In ƙarfin ya kai abin da kamfanin ya rubuta, a canza makunnin, shi ke nan. In bai kai ba, a sauke kaskon mai a duba rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, don a tsofaffin injina dasƙararren mai kan toshe ta. Har sai an yi wannan awon, ki ajiye makullin. Injin da ya rasa mai cikin 'yan mintuna yake bugawa.

Tambaya: Zan sayi tsohuwar mota, mai ita yana ta alfahari cewa ko fitila ɗaya ba ta kamawa. Me zan duba?

Amsa: Ka murɗa makulli zuwa inda wuta ke kawowa, kada ka tayar. A nan dole fitilun su kama gaba ɗaya: ta injin, ta baƙin mai, ta batir, da ta birkin ABS da ta jakar iska in motar tana da su. Wadda ba ta kama ba a wannan lokacin, ko ƙwanta ya ƙone, ko an zare shi, ko an liƙe fuskarta da baƙin tef ta ciki. Na ga duk ukun. Sannan ka sa a jona na'ura a duba ko ƙwaƙwalwa ta kammala gwaje-gwajenta. In ta nuna yawancinsu ba a kammala ba, ba a daɗe da goge lambobi ko cire kan batir ba. Ka ce wa mai motar za ka dawo bayan ya yi kwana uku yana hawanta, ka sake jonawa a gabansa.