Kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba: ta ina zan fara neman sawunsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin ƙasar Kano ne. An ɗauki kakana na wajen uba aikin soja a lokacin yaƙin Hitila, aka ce an kai su ƙasar Bama (Myanmar ta yau), kuma tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mahaifina yana goye a lokacin, daga baya kakata ta yi aure a wani gari ta tafi da shi, saboda haka ba mu san dangin kakan namu ba. Abin da ya rage a hannunmu shi ne sunan da ake kiransa da shi, da sunan ƙauyensu, da wani tsohon hotonsa cikin kakin soja. Shin akwai takardun da za su nuna mana inda ya rasu, da kuma ko su wane ne iyayensa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuma saka maka da alheri, domin neman dangin uba sada zumunci ne. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu, kuma kowanne da inda ake nemansa. Labarin rasuwarsa yana wajen takardun soja, waɗanda yawancinsu Turawan Ingila ne suka rubuta, labarin iyayensa da 'yan'uwansa kuwa yana wajen takardun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna ta zamanin Turawa, da na kotun alƙali. Amma kafin ka tunkari ko ɗaya daga cikinsu, sai ka warware matsalar suna, domin a nan ne mafi yawan masu irin wannan bincike suke ɓata.

A wancan zamani Bahaushe ba shi da sunan iyali da ake gado daga uba zuwa ɗa. Idan saurayi ya zo shiga soja, akawu yakan rubuta sunansa ya haɗa da sunan gari, sai ya zama Audu Kano ko Garba Katsina, ko da kuwa ƙauyensu yana da tafiyar kwana biyu daga birnin. Wasu sun ba da sunan garin da aka ɗauke su a maimakon garin haihuwarsu, wasu kuma sun sauya suna da gangan saboda sun gudo ne ba da sanin iyayensu ba. Ga kuma yadda akawun ya ji sunan a kunnensa: Mamman yakan koma Momo ko Mama, Garba ya koma Garuba, Abdu ya koma Abudu, Haɗeja da Katsina kuwa an rubuta su ta hanyoyi daban-daban. A gida ma ba lallai ne sunan da kuka sani ya zama sunansa na yanka ba, tunda kakarka ba za ta ambaci sunan mijinta ba saboda alkunya, kuma mai yiwuwa abin da ya iso gare ku laƙabi ne irin su Tanko, Dogo, Mati ko Ɗanladi. Saboda haka ka zauna da duk dattijon da ya rage a ɓangaren kakarka, musamman tsofaffin mata, ka rubuta kowane suna da aka taɓa kiransa da shi, da sana'ar gidansu, da irin tsagar fuskarsa idan yana da ita, da sunan dagacin da ke mulki lokacin da ya tafi. Ka ɗauki muryoyinsu a waya bayan ka nemi izininsu. Takardun da ke Kaduna da Landan za su jira ka, waɗannan dattawa kuwa ba ka da tabbacin samunsu baɗi.

Daga nan sai ka koma ga hoton, ka duba shi da kyau gaba da baya. Idan akwai wata lamba da ta fara da haruffan NA, to ka samu abu mafi daraja a binciken nan, domin wannan ita ce lambar sojan Najeriya, kamar yadda ta sojan ƙasar da ake kira Ghana a yau take farawa da GC. Mutum ɗari suna iya amsa suna ɗaya, amma lamba ta mutum ɗaya ce. Ka kuma duba tambarin da ke kafaɗarsa. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma tana da tambarin baƙin gizo-gizo, tambarin runduna ta 82 kuwa mashi biyu ne da aka gicciye a kan gammo, domin tunawa da dubban sojojin da aikinsu shi ne ɗaukar kaya a ka cikin dazukan da mota ba ta shiga.

Sanin rundunar yana da amfani, saboda a bakin mutanenmu duk wanda ya tafi wancan yaƙi an ce ya je Bama, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Tun a 1940 aka tura sojojin Najeriya Gabashin Afirka suka yaƙi Italiya, suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka wuce Habasha. Wasu an kai su Gabas ta Tsakiya aikin ƙarfi. An kafa rundunoni na 81 da 82 a 1943. Ta 81 ta yi yaƙi da sojojin Japan a kwarin kogin Kaladan, ta 82 ta bi bayanta zuwa yankin Arakan a ƙarshen 1944, kuma su biyun suka haɗu wajen ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyi na 6 da 7 da 12 na Najeriya kuma an ware su aka haɗa da dakarun Chindit da suka kutsa bayan layin abokan gaba a 1944. Barikin Chindit da ke Zariya da barikin Kalapanzin da ke Kaduna daga wannan yaƙi suka samo sunayensu.

Wuri na farko da za ka duba, kuma kyauta ne ta intanet, shi ne rumbun sunaye na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC. Tana lissafa sojojin da suka rasu daga 3 ga Satumban 1939 zuwa 31 ga Disamban 1947, tare da lambar kowane soja, da muƙaminsa, da bataliyarsa, da ranar rasuwarsa, da wurin da aka binne shi. Yawancin 'yan Najeriya da suka rasu a Bama suna maƙabartar Taukkyan da ke arewa da birnin Yangon, ko dai a kabari mai suna, ko kuma a jikin bangon tunawa da ke tsakiyarta, wanda ke ɗauke da sunayen mutane kusan 27,000 da ba a san kaburburansu ba. Waɗanda suka rasu a asibitocin bayan fage ana samunsu a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangaladash ta yau, waɗanda kuma ajali ya riska tun ba su bar gida ba wasunsu suna maƙabartar Yaba a Legas. Ka gwada kowane suna da ka tattara, da kowace irin rubutawa. A wasu lokuta hukumar takan ƙara sunan mahaifi ko na matar mamaci da garinsu, kuma idan ka dace da irin wannan, to rabin tambayarka ta biyu ta amsu.

Idan ka bincika da kyau ba ka same shi ba, ina so ka buɗe zuciyarka ga wani abu mai nauyi, wato mai yiwuwa bai mutu a yaƙin ba. An ci gaba da dawo da sojoji gida har cikin 1946, kuma da yawa daga cikinsu ba su koma ƙauyukansu ba. Sun zauna a Legas da Kaduna da Jos, suka zama 'yan doka, ko masinjoji, ko direbobi, ko masu gadi, suka yi sabon iyali. A irin wannan hali sai ka nufi ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, da kuma sashen ajiyar bayanai na rundunar sojan Najeriya, ko za ka dace da fayil ɗinsa. Abin da ke gidan adana takardun Ingila a Kew, cikin Landan, shi ne kundin da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum, kuma na yaƙin Bama yana cikin jerin da ake kira WO 172. Ba kasafai yake ambaton ƙaramin soja da suna ba, amma idan ka san bataliya da ranar rasuwa, zai gaya maka inda suke a ranar da abin da ya same su.

Game da danginsa kuwa, a ganina babu takardar da ta kai ta kotun alƙali, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Ka ce kakarka ta sake aure. A shari'ar Musulunci matar da mijinta ya ɓata ba ta yin wani aure sai dai idan labarin mutuwarsa ya tabbata ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko kuma alƙali ya yanke hukunci a kan auren. Ke nan akwai kyakkyawan zato cewa maganar ta je gaban alƙalin gundumarsu, kuma idan ta je, to magatakarda ya rubuta sunan mijin na yanka da na mahaifinsa da na shaidu, waɗanda galibi 'yan'uwansa ne. Haka nan idan mahaifin kakanka ya rasu ya bar gona ko gida, littafin rabon gado zai jera magada ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan rubutu ya daɗe a Kano, domin har bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 sun tsira. A ƙarshen shekarun 1960 kotunan alƙalai suka fita daga hannun En'e suka koma hannun gwamnatocin jihohi, don haka tsofaffin littattafan sun warwatsu: wasu suna kotunan da suka gaje su, wasu suna Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa, wasu kuwa gara da ruwan sama sun cinye su, abin da yake ƙona mini rai duk lokacin da na tuna. Da yawa daga cikinsu da Larabci ko ajami aka rubuta su, saboda haka ka tafi da malamin da ya saba karanta rubutun hannu na da.

A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna ka nemi fayilolin lardin Kano, masu alamar KANOPROF, ka duba waɗanda suka shafi ɗaukar soja, da kuɗin da ake biyan iyalan sojoji, da dukiyar sojojin da suka rasu, tunda irin waɗannan saƙonni ta hannun Razdan da Di'o da hakimi suke bi kafin su isa ga dagaci. Kada ka ɓata lokaci a kan rahotannin ƙidayar 1931 da ta 1952, domin adadi ne a cikinsu ba sunaye ba. Rahotannin kimanta haraji na gundumomi kuwa za su taimaka idan ƙauyen ya tashi ko ya sauya suna, kuma Gidan Arewa da ke Kaduna wuri ne mai kyau na samun masanan da za su nuna maka hanya.

Bayan duk wannan sai ka je ƙauyen da kanka, ka fara da gidan dagaci da na liman, ka gabatar da kanka da sunan kakarka da na gidansu, domin tsofaffi sun fi tuna yarinyar da aka aurar da ita ta tafi da goyo fiye da lambar soja. Duk sunan da ka samu a takarda, kada ka karɓe shi a matsayin kakanka sai aƙalla abu biyu sun dace da abin da dattawa suka faɗa, kamar sunan mahaifi da sunan gari, ko sunan mata da shekarar rasuwa. Kuma a kowace takarda ka rubuta lambar fayil da shafi da wurin da ka gan ta, don 'yan'uwanka su iya komawa su tabbatar da idonsu.