Amsa kan cire makunnin fitila na tsohuwar Volkswagen Beetle

Malam, ka tambaya yadda za ka cire makunnin fitila, wanda ke gaban direba, a tsohuwar Beetle ɗinka, tun da ka ja shi ya ƙi fitowa. Kada ka ƙara jan sa, domin ta baya yake fita.

Ka fara kwance wayar batir ta ƙasa, wato mai alamar (–), kuma batirin wannan mota yana ƙarƙashin kujerar baya. Wannan wajibi ne, saboda wayar da ke kan mahaɗin da aka rubuta wa lamba 30 a jikin makunnin tana ɗauke da wuta ko da mota a kashe take.

Sai ka murɗa kan makunnin zuwa hagu har ya fita. A bayansa za ka ga wani zoben ƙarfe mai ƙananan gurabu biyu, wanda shi ne yake riƙe da komai. Idan babu abin kwance shi na musamman, filaya mai siririn baki za ta wadatar, amma ka rufe fentin da tsumma, kuma ka ɗiga ɗan mai ka jira, domin ƙurar Maraɗi takan daskare a inda ake murɗa zoben har ya kafe.

Daga nan ka buɗe but ɗin gaba, ka janye kwalin da ya rufe wayoyi, ka zaro makunnin. Kafin ka tsinke ko waya ɗaya, ka ɗauki hotonsu: lamba 56 ta manyan fitilu ce, 58 kuwa ta ƙananan fitilu da na baya. Robar tsofaffin wayoyi takan bushe da zafinmu, saboda haka ka kama ƙarfen da ke bakin wayar, ba wayar kanta ba.