Me ya sa 7805 ɗina yake zafi yana yanke wuta?

Tambaya daga Tawa: Ina sana'ar cajin waya da batirin sola mai volt 12. Wani mai gyaran rediyo ya haɗa mini 7805, ɗan ƙaramin kayan rage wuta mai ƙafa uku, don ya sauko da wutar zuwa volt 5. Da na jona waya, ba a jimawa sai ya yi zafin da ba ya taɓuwa, caji ya tsaya. Jabu aka sayar mini? In sayo wani?

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka, ko na asali ne haka zai yi. Duk wutar da 7805 ya rage, zafi take zama a jikinsa. Da rana tsaka, batirinka yana shan caji, yakan kai volt 14. Cire 5, saura 9. Idan waya ta ja amfiya 1, ka ninka volt 9 ɗin da amfiya 1, wat 9 ke nan na zafi a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba.

In ba a ɗaura masa ƙarfen sanyaya ba, kowane wat ɗaya yana ƙara masa digiri 50 ko fiye, kuma masu ƙera shi sun ce kada cikinsa ya wuce digiri 125. To a Tawa, cikin Afrilu da Mayu, ko a inuwa ana haura digiri 40, balle ƙarƙashin rumfar kwano. Ko wat 2 ba zai ɗauka ba. Yankewar da kake gani kariya ce da aka gina masa don kada ya ƙone, amma kullum a bakin wannan iyaka, ba zai yi ƙarko ba.

Ka nemi ɗan allon LM2596, ko cajar mota mai kyau, waɗanda ke sauko da wuta ba tare da asara mai yawa ba. In LM2596 ka saya, sa mita ka murɗa ɗan sukurun da ke kansa har ka ga volt 5 kafin ka jona wayar kowa. Wayar mutane amana ce a hannunka.

Tambaya daga Yamai: Ni ɗaliba ce, ƙaramin aikina yana jan miliamfiya 100 daga adafta mai volt 9. 7805 zai yi?

Amsa: Zai yi sosai, ƙanwata, zafin bai kai rabin wat ba. Ki dai kula kada wutar shiga ta gaza volt 7, don yana buƙatar rarar volt 2 kafin ya riƙe 5 daidai. Volt 35 da ke rubuce a takardarsa iyakar ƙarshe ce, ba a matsa mata. Ki sa kafasita 0.33 µF a ƙafar shiga, 0.1 µF a ƙafar fita, dab da jikinsa.