Filin Makanikai: Hannun ƙofar gefen bas ya yi tauri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bas ƙirar Toyota Hiace, tsohon yayi, ina jigilar fasinja tsakanin Gusau da Funtuwa. Tun shigowar hunturu hannun ƙofar gefe ya yi tauri, sai yaron mota ya sa hannu biyu ya fizga kafin ta buɗe. Mun fesa WD-40, man nan na gwangwani mai sassauta tsatsa, ya yi sauƙi na ɗan lokaci, sai kuma ya koma gidan jiya. In sayi sabon hannu ne? Daga wani direba a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam direba, kada ka yi gaggawar sayen hannu, domin galibi ba shi ne mai laifin ba. Aikinsa kawai ya ja wata siririyar sandar ƙarfe ko waya da ke cikin ƙofar, ita kuma ta saki makullin da ke gefen ƙofar ta baya. Duk inda abin ya cije a hanya, a hannu za ka ji nauyin. Kafin komai ka hana yaronka fizga. Hannun roba ne ko ƙarfe mai gautsi, in ya ɓalle ƙofa tana rufe, aikin ya ninka.

Ga gwajin da zai raba maka gardama. Buɗe ƙofar, ka duba bakin makullin, za ka ga wani ƙarfe mai kamar ƙugiya. Tura shi ciki da sukundireba har ka ji ya yi ƙas sau biyu, kamar an rufe ƙofa. Sai ka ja hannun, kana jan ƙugiyar waje da sukundireban. Kada ka manta ka bar ƙugiyar a buɗe kafin ka rufe ƙofar, in ba haka ba za ta daki ƙarfen jikin mota ta lanƙwashe.

Idan hannun ya ja da sauƙi a wannan gwaji, to cikin ƙofa lafiya lau, zamanta ne ya karkace. Wannan shi ya fi yawa a motocin haya. Ƙofar tana tafiya ne a kan rola uku: ta sama, ta tsakiya wadda ke bin layin da ke jikin motar ta waje, da ta ƙasa wadda ke kusa da matakala. Ta tsakiya da ta ƙasa su ke ɗaukar nauyi. Da boris ɗinsu ya cinye, sai ƙofar ta sauka kaɗan, makullin ya riƙa danne ƙarfen da yake kamawa, ya ƙi sakinsa. Buɗe ƙofar rabi, ka kama gindinta ta baya ka ɗaga. In ta yi wasa sama da ƙasa, rola ta mutu. Dubi kuma ƙarfen jikin motar da makullin ke kamawa: in samansa ya goge yana ƙyalli, ƙofar na hawa kansa ke nan. Maganin shi ne sauya rolar. A tallafe ƙofar da jak da guntun katako, mutum ɗaya ya riƙe ta, a kwance notunan, waɗanda yawanci sifana mai lamba 10 ko 12 ke kama su. Sai bayan an sa sabuwa za a taɓa ƙarfen jikin motar da makullin ke kamawa, a zagaye shi da maka tukuna don a san inda yake, a gusar da shi milimita 1 ko 2 kawai, a gwada. Masu gusar da shi alhali rola ta mutu suna ɓoye cutar ne, ba da jimawa ba za ta dawo.

Idan kuwa hannun ya yi nauyi ko da ƙofa tana buɗe, sai a shiga ciki. Cire kwalin ƙofar a hankali don kada maɓallan roba su kakkarye. Tsohon giris da ƙurar hunturu sukan haɗu su daskare kamar yumɓu a cikin makullin da wurin da sandunan suke haɗuwa. WD-40 yana jiƙa wannan dattin ne na ɗan lokaci, sannan ya bushe, shi ya sa ka ga sauƙin bai daɗe ba. Kwance makullin, ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bar shi ya bushe sarai, sannan ka shafa farin giris kaɗan a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe. Kaɗan ɗin nan shi ne daidai, domin giris mai yawa ƙura yake tarawa. Baƙin man inji da wasu ke ɗurawa bai dace ba sam: yana tsiyaya, yana lalata roba, yana ɓata wa fasinja tufafi.

Kafin ka mayar da kwalin, cire sandar ko wayar daga hannun ka ja kowanne shi kaɗai. Waya mai tsatsa ko wadda zarenta ya fara tsinkewa ba ta gyaruwa, a sauya ta. In hannun ne da kansa ke cijewa, ko sifirinsa ya karye, to yanzu ka samu dalilin sayen wani. Tafi da tsohon a hannu, ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Panteka a Kaduna, domin Hiace ta 1989 zuwa 2004 da wadda ta biyo bayanta kayan ƙofarsu ba ɗaya ba ne.

Tambaya: Ƙofar gefen motata Sienna tana buɗewa ta waje, amma ta ciki ko motsi ba ta yi. Daga wata malama a Zariya.

Amsa: Hajiya, duba gefen ƙofar tana buɗe, akwai wani ɗan maɓalli na hana yara buɗewa daga ciki. Sau da yawa hannu ne ke ture shi wajen wanke mota. Mayar da shi ɗaya ɓangaren ki gwada. In hakan bai yi ba, kuma hannun ciki yana tafiya sakwaf babu nauyi, wayarsa ce ta fita daga mazauninta ko ta tsinke, sai an cire kwalin ƙofar a duba.