Tambaya da Amsa: In Ja Fatar Gaban Ɗana Baya Lokacin Wanka?

Tambaya: Likita, ɗana yana da shekara 2 kuma ba a yi masa kaciya ba. Idan ina yi masa wanka, fatar da ta rufe kan gabansa ba ta komawa baya, kwanan nan kuma na hango wani ɗan farin ƙullutu a ƙarƙashinta. Ciwo ne? In ja ta da ƙarfi in wanke ciki? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, kada ki ja ta. Wannan fata, wadda ake kira loɓa, a manne take da kan gaban yaro tun daga haihuwa, kuma da kanta take saki a hankali. Wani yaron tasa takan saki yana shekara 3, wani sai ya kai 10, wani ma sai ya kusa balaga, duk kuwa lafiya lau ne. Idan aka tilasta mata sai ta tsage ta yi jini, raunin ya warke da tabo, tabon kuma ya ƙara matse bakinta, har abin da ba ciwo ba ya zama ciwo.

Farin ƙullutun nan matattun ƙwayoyin fata ne da maiƙo da suke taruwa yayin da loɓar ke rabuwa, kuma zai fito da kansa, don haka kada ki matse shi ko ki zura auduga. Ki wanke waje kawai da ruwan ɗumi kamar yadda kike wanke yatsansa, ki guji sabulu mai ƙamshi, sannan kada ki bar shi ya daɗe cikin jiƙaƙƙen famfas.

Ranar da loɓar ta saki, galibi yaron ne zai fara ganowa. Sai ki koya masa ya ja ta a hankali, ya ɗauraye, ya tsane, ya mayar da ita wurinta. Mayarwar nan ce iyaye suka fi mantawa, alhali idan fatar ta maƙale a baya ta kumbura, takan shaƙe kan gaban ta hana jini gudu, kuma wannan sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Ki kai shi wurin likita idan kika ga wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko yaron yana kuka wajen fitsari, ko fitsarin yana fita ɗigo-ɗigo. Idan aka tabbatar bakin loɓar ya matse da gaske, sau da yawa man shafawa na sitiroyid da likita zai rubuta yana buɗe shi cikin mako 4 zuwa 8.