Hukuncin Kashe Na'urar Taƙaita Gudu da Abin da Ke Kan Direba Idan Rai Ya Salwanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni direban bas ne, ina lodi daga tashar Kawo da ke Kaduna zuwa Kano. Hukuma ta wajabta mana sanya na'urar taƙaita gudu, amma wasu abokan sana'ata suna kai wa makaniki ya kashe ta, domin a cewarsu idan ba a yi sawu biyu a yini ba balas ba ya fita. Suna cewa dokar hanya ta mutane ce ba ta Allah ba, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba babu gudun da zai kashe shi. Shin akwai zunubi a cikin wannan? Kuma mene ne ke kan direba idan wani ya rasu ta dalilinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kashe wannan na'ura domin a samu damar wuce gudun da hukuma ta iyakance haramun ne, kuma makanikin da ya aikata hakan yana sane da manufar yana da rabonsa na zunubin, saboda Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare iyaka a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Maganar cewa dokar ta mutane ce gaskiya ce, sai dai ba ta kai mai faɗinta inda yake son zuwa. Kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo domin tsare su, amma Alƙur'ani bai ƙayyade gudun da bas za ta yi tsakanin Jaji da Zariya ba, ya bar wannan ga masu jagorancin al'umma su duba maslaha su tsara. Idan suka tsara abin da bai saɓa wa nassi ba, biyayya ta zama wajibi bisa aya ta 59 ta Suratun Nisa'i. A kan haka Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tsaya a zamanta na takwas a Burunai cikin shekarar 1993, inda ta ce bin ƙa'idodin hanya wajibi ne a shari'a, kuma shugaba yana da ikon hukunta wanda ya karya su. Manufar dokar ma ba ɓoyayya ba ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, ta fara tilasta wannan na'ura ga motocin haya gadan-gadan a watan Fabrairun 2017, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa ƙasashe burin rage mace-mace da raunukan hanya da rabi kafin 2030, a duniyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hanya tana cinye rayuka kimanin miliyan 1.19 a kowace shekara. Idan kuma aka ce ai wasu jami'an hanya suna karɓar na goro su kau da kai, to laifinsu yana kansu, kuma mai ba da cin hanci domin ya tsere wa dokar da ya karya ya tara laifi biyu ne.

Inda nake son in daɗe shi ne batun ƙaddara, domin a nan ne mutanen kirki suke zamewa. Babu mai imani da zai yi jayayya cewa ajali a rubuce yake. Amma kai ba ka san abin da aka rubuta ba, abin da ka sani shi ne abin da aka umarce ka, kuma an umarce ka da kada ka jefa kanka cikin halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. A ranar Arfa kuwa, da ya ji mutane suna tsawa suna dukan raƙuma a bayansa, sai ya umarce su da natsuwa, ya ce aikin ɗa'a ba a gaggawa yake ba, alhali zuwa ibada suke yi ba neman balas ba. Na kan lura, direban da ke kafa hujja da ƙaddara a kan sitiyari shi ne kuma yake kulle motarsa da daddare, bai taɓa barinta a buɗe ya ce abin da aka rubuta za a sace sai an sace ba.

Ka yi lissafin da kanka. Tsakanin Kaduna da Kano kimanin kilomita 230 ne, kuma dokar hanya ta ba bas kilomita 90 a sa'a a kan babban titi mai hannu biyu. Wanda ya taka 120 tun daga Kawo har Kano ba tare da ya sassauta ba, abin da ba ya yiwuwa ma, bai rage ko minti 40 ba. A wannan gudun mota tana cin fiye da mita 30 a daƙiƙa ɗaya, kuma duk lokacin da gudu ya ninka, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ninkawa kusan sau huɗu. Fasinjojin da suka biya ka kuɗi amana ce a hannunka, kuma babu wanda ya tambaye su ko sun yarda a yi cinikin rayukansu da waɗannan mintuna. Matsin mai mota a kan balas damuwa ce ta gaske, kuma shi ma yana da alhaki idan ya yanka wa direba adadin da ba ya samuwa sai da ganganci, amma mafita ita ce a zauna da shi da shugabannin tasha a gyara yarjejeniya, domin ba a gusar da cuta da cutar da ta fi ta girma.

Game da rai, littafin Risala na Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ya faɗa cewa mai kora dabba da mai janta da mahayinta duk suna lamuncewa abin da ta taka, kuma a kan wannan malaman zamani suka yi wa mota ƙiyasi. Direban da ya wuce ƙa'idar gudu, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya yi lodin da ya wuce kima, ko ya fita da tayar da ya san ta suɗe, ko ya ci gaba da tuƙi yana gyangyaɗi, idan wani ya mutu ta wannan dalili, hukuncinsa na kisan kuskure ne kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Diyya tana wajaba, wadda asalinta raƙuma 100 ne ko dinari 1,000 na zinariya, dangin direba na wajen uba suke ɗauka cikin shekaru 3, kuma alƙali ne yake ƙimanta ta da kuɗin yau. Raunin da diyyarsa ba ta kai sulusin diyyar rai ba, a mazhabar Malikiyya daga dukiyar direban kansa za a biya. Magada baligai suna da ikon yafe rabonsu, amma babu mai ikon yafe rabon maraya ƙarami, abin da ake yawan mantawa da shi a wurin zaman makoki. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafiyar dangi ba ta sauke ta: azumin wata biyu a jere, tunda babu bawan da za a 'yanta, kuma kowane rai da nasa azumin.

Idan kuwa direba ya kiyaye ƙa'ida, motarsa lafiya lau, sai abin da ba shi da ikon kauce masa ya auku, kamar wata mota ta tsallako hannunsa ko wani ya faɗo gabansa a tazarar da birki ba zai kama ba, babu diyya babu kaffara a kansa. Ba direban ne zai yanke wa kansa wannan ba, alƙali ne zai duba bayan jin shaidu da rahoton masu binciken haɗarin. Wallahu a'alamu.